Kujeru Arba'in a Khumra

Har yau idan wani ya zo mini da zumuɗi cewa zai koma wata ƙasa saboda kaya da araha kuma babu sanyi, ba na hana shi. Nakan ce masa mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne, don ni ma abin da aka faɗa mini ke nan game da Jidda, kuma ba a yi mini ƙarya ba. Abin da aka bari ba a faɗa mini ba, shi na je na tarar da kaina.

Sunana Barau, mutumin Bukuru, sana'ata ɗinkin kushin da katifa. An sa mini wannan suna ne don duk waɗanda Inna ta haifa kafin ni sun koma, bayana kuma ba ta ƙara ba. Tun ina ƙarami nake da asma, sanyin Filato kuwa ba ya yi wa mai asma rangwame. Da ya shigo sai ƙirjina ya riƙa kuka kamar ƙyauren da bai ga mai ba. Saboda haka da wani dillalin biza, Alhaji Mamman, ya ce mini a Jidda ko bargo ba a sayarwa, kaza kuwa abincin talaka ce, ban tsaya dogon tunani ba. Ya ƙara da cewa shagona zan samu a Ruwais, kusa da teku.

Inna ba ta hana ni ba. Mace ce da ba a taɓa yin mutuwa a unguwarmu ba ta je gaisuwa ba, ko da ƙafarta na ciwo. Kullum maganarta ita ce zumunta a ƙafa take. Abu ɗaya ta roƙe ni: "Barau, in ta Allah ta kasance, ka zauna ka karɓi gaisuwata. Kada a ce Rabi ta mutu ba ɗan da ya zauna mata." Na ce mata shekara biyu zan yi in dawo, ta daina irin wannan zance.

Da aka buɗe ƙofar jirgi a Jidda, iskar da ta tare ni sai ka ce an ɗaga murfin tukunyar tuwo. Kafin in kai ƙasa rigata ta manne a bayana. Na yi murna ƙwarai. Na ce a raina, ni da tari kuma sai a lahira.

Motar da ta ɗauke ni ba ta nufi teku ba. Kudu ta yi ta tafiya har gidaje suka ƙare, muka shiga wani wuri da babu komai sai manyan sito-sito na kwano, da manyan motoci, da karnukan da ba su da mai su. Nan ne Khumra. Aka shigar da ni wata masana'anta inda ake ɗinka kushin na ɗakin baƙi irin na Larabawa. Mai wurin shi ne kafilina, wato wanda sunansa ke kan takardar zamana, ba ni da ikon canja aiki ko barin ƙasar sai da sa hannunsa. Ya karɓi fasfona ya jefa a durowa, ya murza makulli. Da na tambayi shagon Ruwais, wani Bayamane da ke shugabantar ma'aikata ya yi dariya har da riƙe ciki. Alhaji Mamman kuwa sai da na yi wata huɗu kafin na sake ganinsa, shi ma daga cikin mota ya ɗago mini hannu.

Ɗakin kwananmu yana bayan masana'antar, mu shida, ni kaɗai ne baƙin mutum. Sauran mutanen Bangaladash ne da Bayamanen nan. A bangon ɗakin akwai na'urar sanyaya ɗaki, mukayyif suke ce mata, kuma ba sa barci sai sun ƙure ta. Kwanana uku ƙirjina ya dawo da kukansa. Wato na tsallake ƙasashe ina gudun sanyi, na zo na tarar an zuba shi a akwati an maƙala a kaina. Na ɗauki tabarmar da na zo da ita daga gida na koma kan rufi, ni da sauro.

Araha kam akwai ta. Burodin tamis mai faɗin faifai da wake dakakke, ka ci ka ƙoshi da ɗan canjin aljihu. Kaza ta ishe ni har na fara marmarin gwate. Na sayi rediyo mai kaset da agogo a watan farko, abin da a gida sai na yi shekara ina tari. Sai dai na sayi agogon babu wanda zan nuna wa. A Bukuru daga gida zuwa shago sai na gaisa da mutum talatin, a tambaye ni kwana, a tambaye ni gajiya, a tambaye ni jikin Inna. A Khumra kalmomi biyu nake ji daga safe zuwa yamma, yalla da halas: yi sauri, ya isa. Akwai ranakun da nakan yi wa keken ɗinki magana don kada bakina ya yi tsami. Kewa ta dame ni ƙwarai, ba na ɓoyewa.

Mutum ɗaya ne ke jin Hausa a layinmu, Idi, wani dattijo ɗan Damagaram mai gadin siton da ke kallon namu. Ba shi da iƙama, wato takardar zama, don haka ba ya yin nisa da ƙofarsa, maganarsa kuma kamar da awo yake yin ta. In na gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, ɗan Najeriya," shi ke nan an gama hirar yini. Shi ya gaya mini in ina son jin Hausa in shiga mota ranar Juma'a in je Ruwais, akwai jikokin alhazan da suka zo da ƙafa tun zamanin da, ba su koma ba.

Na je wata Juma'a da yamma, cikin babbar rigata guda ɗaya. Na yi sallar Magariba a wani ƙaramin masallaci, na fito ina bin lunguna, sai na hango wani layi an toshe shi da kujeru. An ja igiyoyin ƙwan fitila daga wannan bango zuwa wancan, wurin ya yi haske kamar rana. Maza cikin fararen riguna suna zaune, ana zagayawa da butar gahawa. Yawancinsu baƙaƙe ne irina, na kuma ji wani yana cewa, "Kawo ruwa nan." Zuciyata ta yi fari. A garinmu ba a kunna wa mutuwa fitila. Makoki tabarma ce a ƙofar gida da rana, kowa kansa a ƙasa. Fitilu da kujeru kuwa biki ne, kuma ba a korar baƙo a wurin biki.

A bakin ƙofar gidan wasu maza suna tsaye a jere, mutane suna bin su ɗaya bayan ɗaya. Na ce waɗannan su ne dangin ango. Na shiga layi, na washe baki har kunne, na kama hannun na farko, wani tsoho mai farin gemu, na girgiza da ƙarfi.

"Mabruk, mabruk," na ce, don ita ce kalmar murna da na koya. Na ƙara da Hausa, "Allah ya sa alheri, Baba. Ina angon namu?"

Wani ƙaƙƙarfan mutum da ke gefen tsohon ya yunƙuro yana faɗa da Larabci, idanunsa jajur. Tsohon ya tare shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma bai saki nawa ba.

"Halas, ya Usman," ya ce masa. Sannan ya dube ni. "Ya waladi, ɗana, kai baƙo ne. Uwar 'ya'yana ce ta rasu shekaranjiya. Wannan ɗanta ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara ba da haƙuri, amma ya ja ni ya zaunar a kujera kusa da shi, ya sa aka zuba mini gahawa. Sunansa Ammu Bakur, a Jidda aka haife shi, Hausarsa irin ta tsofaffi, Larabci na kutsowa cikinta. Ya ce baƙo makahon gari ne, ba a kama shi da laifi. Ya nuna mini yadda ake yi: kwana uku, tsakanin Magariba da Isha, masu mutuwa su tsaya a jere, mai gaisuwa ya bi ya dafa kafaɗar kowa ya yi addu'a, ya zauna kaɗan, ya tashi. Ya ce fitilun ma ba laifina ba ne, sun yi yawa, don sana'arsa ke nan, hayar kujeru da fitilu, shagonsa na bakin layin. Ya ba mutane haya shekara da shekaru, yau da abin ya zo gidansa sai ya ce a kunna duka.

"Ka riƙa zuwa," ya ce da zan tafi. "Gida ne."

Ban koma ba. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba. Duk Juma'ar da na sa riga sai in tuna idon Usman, in cire in ninke. Haka na yi shekara guda da watanni, daga keke zuwa rufi, daga rufi zuwa keke. Shekara biyun da na yi wa Inna alkawari suka zo suka wuce, kafili yana cewa sai ya samo wanda zai maye gurbina.

A wancan zamanin da kaset ake aika saƙo, a ba mai zuwa Umra ya kawo. Wata rana wani direba ya miƙo mini kaset, ya ce ya fi wata guda a aljihun motar Alhaji Mamman, mantawa ya yi. Na hau rufi na saka. Muryar Goggo ce, ƙanwar Inna. Ta yi sallama, ta tambayi aikina, ta tambayi ƙirjina, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta ce sai haƙuri. Inna ta kwanta kwana huɗu, Allah ya yi mata rasuwa. Ta ce mata sun cika cikin gida maƙil, amma a ƙofar gida liman ne da maƙwabta suka zauna, mai gaisuwa ya zo ya rasa wa zai ce wa ya haƙuri.

Na je wurin kafili, Bayamane yana yi mana tafinta. Ya yi mata addu'a, ban raina masa wannan ba. Sannan ya ce ai an riga an binne, tafiyata ba za ta tashe ta ba, ga kuma aikin Sallah ya taru. In bari sai bayan Sallah. Na fito.

Washegari da hantsi na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a ƙofar masana'anta, na cire takalmi na zauna, na sunkuyar da kai. Na ce tunda ban zauna mata a Bukuru ba, zan zauna mata a nan. Abokan aikina suka fito suka wuce ni. Ɗaya daga cikin mutanen Bangaladash ya tsaya ya taɓa goshina, ya ɗauka zazzaɓi nake, ya kawo mini ƙwayar magani. Kafin azahar Bayamane ya zo ya ce in naɗe tabarmar, babbar mota za ta juya a wurin. Na naɗe. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ne kamar a ranar.

Idi yana kallona daga ƙofarsa. Ya tsallako, abin da bai saba yi ba, ya tsuguna ya tambaye ni. Da na faɗa masa ya ɗaga hannu ya yi fatiha, ya ce mini ya haƙuri. Shi ne mutum na farko da ya ce mini haka.

"Amma ɗan Najeriya," ya ce, "mutanen nan ba su san tabarma ba. Ko kamiyo, babbar motar nan, ya taka ka a kanta, cewa za su yi iska kake sha. In ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Fitila za ka kunna."

Mutum ɗaya na sani a duk Jidda mai fitila. Na kwana ina juya abin, kunya na ce mini kada ka je, maganar Inna na ce mini tashi. Da safe na shiga motar Ruwais ba tare da na nemi izinin kowa ba.

Na same shi a shago yana warware igiyar fitila. Ya ɗago ya ƙura mini ido, sai ya yi murmushi.

"Ahlan, mai neman ango. Ka samo shi?"

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Ya bar ni na gama, sannan na faɗa masa komai, har da tabarmar.

"Kujera nawa kake so?"

"Shida, Baba."

"Uwa guda, kujera shida? Aib, abin kunya ne, ya waladi."

"Ban san kowa ba, Baba. Shidan ma ban san wa zai zauna ba."

"Kai ka sa kujera. Zuwa ba aikinka ba ne."

Da la'asar motarsa ta iso Khumra, Usman ne ke tuƙi. Ya sauke kujeru arba'in, ya hau tsani ya ja fitilu daga bangon masana'antarmu zuwa siton Idi, ya ajiye butar gahawa da finjalai da kwalin dabino, ya tafi. Bayamane ya duba, ya koma ciki.

Ranar farko ni da Idi ne kawai. Shi ma daga ƙofarsa yake zuwa ya koma, don tsoron kada hasken ya jawo masu duba takardu. Na tsaya a inda masu mutuwa ke tsayawa, ni kaɗai, ga kujeru arba'in suna kallona. Abokan aikina suna leƙe ta taga, ba su tabbatar ko makoki ne ba. Da aka kira Isha na kashe fitilu, na ce a raina na ƙara jawo wa kaina abin dariya.

Rana ta biyu mutanen ɗakinmu suka fito cikin wankakkun kaya, Bayamane a gaba. Ya dafa kafaɗata ya yi addu'a mai tsawo, ya ce me ya sa ban faɗa wa sauran ba. Muna zaune wata babbar mota ta taho, ta rage gudu, ta tsaya. Direban ya sauko, ban san shi ba, ban san ƙasarsa ba. Ya dafa kafaɗata, ya sha finjali ɗaya, ya hau motarsa ya wuce. Bai tambayi wa ya mutu ba. Fitilun kawai ya gani.

A rana ta uku na ɗauko rediyona na sa sabon kaset, na tura shi ƙarƙashin kujera na danna maɓallin ɗauka, don Goggo ta ji ko da muryar mutum biyar ce. Ana idar da Magariba motoci uku suka shigo layin. Ammu Bakur ne da mutanen Ruwais, da manyan tire na shinkafa da wake irin wadda suke dafawa ranar uku. Ga direbobi, ga masu gadin sito-siton da ban taɓa gaisawa da su ba. Ba zan yi ƙarya ba, kujerun ba su cika ba, amma an zauna a fiye da rabi.

Tsohon ya zo ya same ni a tsaye ni kaɗai. Bai dafa kafaɗata ba. Ya juya ya tsaya a gefena, ya fuskanci mutane.

"A nan mutum ɗaya ba ya yin layi," ya ce. Ya ɗaga murya kaɗan. "Ta'al, ya Usman."

Usman ya zo ya tsaya a ɗaya gefen nawa. Mutane suka riƙa bi suna dafa mu, mu uku, kamar ɗaki ɗaya muka fito. Da za a yi addu'a tsohon ya sunkuyo ya tambaye ni sunanta. Ban taɓa kiran sunan Inna da bakina ba, ɗa ba ya yin haka a garinmu. Na ce, "Rabi." Ya maimaita da ƙarfi, mutanen da ba su taɓa jin akwai wani gari Bukuru ba suka ce amin.

Bayan Isha Usman ya kwance fitilu, ya loda kujeru. Da zai tafi ya ce mini da Hausarsa mai nauyi, "Juma'a ka zo, abinci." Layin ya koma yadda yake. Na ɗauki tabarmata na hau rufi.

Na daɗe a Jidda bayan wannan, fiye da yadda na yi niyya, kuma kewa ba ta taɓa sakina gaba ɗaya ba. Amma ban ƙara wuce layin da aka ja wa fitila ban tsaya ba, sai dai nakan fara duban fuskokin mutane kafin in buɗe baki.

Kaset ɗin na ba wani mai komawa gida ya kai wa Goggo hannu da hannu, ban bi ta kan Alhaji Mamman ba. Ban saurare shi ba kafin in aika, ashe tunda a ƙasa na ajiye rediyon, muryoyin ba su fito sosai ba. Amsarta ta zo bayan wata uku. Ta ce ta tara matan gida sun saurara har sau biyu.

"Barau," ta ce, "ba mu gane ko kalma ɗaya da suke faɗa ba. Amma mun ji takun ƙafafu, suna ta zuwa, suna ta zuwa. Na ce wa mata ku yi shiru, gaisuwar Yaya ce ake karɓa."